Yuriya da Saiwar Wake a Ƙasar Ruma

A ƙasar Ruma, daga Batsari har Safana, da wuya ka ga gonar gero ko dawa babu wake ko gyaɗa a tsakanin kunyoyi. In lokacin taki ya yi, manoma da yawa watsa yuriya suke yi, kowace shuka ta samu rabonta. Gero yana so. Wake kuwa an ba shi abin da yake iya samar wa kansa.

Tuge gindin wake mai wata ɗaya da rabi, ka kaɗe rairayin, za ka ga ƙulle-ƙulle a jikin saiwa, wasu girman ƙwayar dawa. Fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, ana aiki. In fari ne ko kore, babu abin da ake yi. A ciki ƙwayoyin halitta ne da ake kira rizobiyam, masu ɗebo naitirojin daga iska, wadda kashi 78 cikin 100 nata shi ne, su mai da shi abincin shuka. Ita kuma ta biya su da sukarin da ganyenta ya haɗa. Jamusawa biyu, Hellriegel da Wilfarth, suka bayyana haka a 1886.

Cinikin yana da tsada a wurin shuka. Da zarar saiwa ta tarar da naitirojin a wadace cikin ƙasa, sai ta rage biya: sababbin ƙulle-ƙulle su ƙi fitowa, tsofaffin su yi sanyi. Yuriya kuwa kashi 46 cikin 100 naitirojin ce. Waken zai yi kore shar, ya yi yaɗo, fure ya yi jinkiri, a tashi da harawa fiye da ƙwaya.

Ba a ce ba wa wake naitirojin haramun ba ne. A jigawar da ta gaji, ɗan kaɗan lokacin shuka, kamar kilo 20 na naitirojin a hekta, yana riƙe yabanya kafin ƙulle-ƙullen su kama aiki, kuma takin kamfa ya isa wannan. Abin da wake ya fi rasa a ƙasar nan shi ne fosforas, wanda ake samu a takin sufa, kamar yadda masanan cibiyoyin binciken noma na Samaru da IITA suka daɗe suna nanatawa. Gwaje-gwajen shirin N2Africa a gonakin Arewa sun nuna waken suya ya fi amsawa in an haɗa sufa da garin rizobiyam, irin NoduMax. Wake da gyaɗa galibi suna samun nasu rizobiyam a ƙasa. A ganina, yuriyar a binne ta gindin gero kawai.

Wani zai ce harawa ma kuɗi ce da rani, kuma gaskiyarsa. Sai dai yawancin naitirojin da waken ya tara yana cikin ƙwaya da harawar nan. In an kwashe su aka kai kasuwar Batsari, kaɗan ke saura wa geron baɗi, sai in dabbobin gida suka ci, aka mayar da takinsu gona.