Littattafan Binciken Laifi Da Suka Cancanci Daren Mai Karatu A Tamale

Al'ada ce ta jaridun Ingila da Amurka, idan shekara ta zo ƙarshe, su jera sunayen littattafan da suka fi ƙayatar da jama'a a cikinta, kuma da wuya a rasa babin da suka keɓe wa labaran kisan gilla da binciken laifi, waɗanda ake buɗe su da gawa a rufe su da kama wanda ya yi aika-aikar. Mai karatu a Tamale, malamin makaranta ne a Sakasaka ko ɗalibi a jami'ar UDS, idan ya duba irin wannan jeri, galibi abin da zai tarar shi ne kisa a cikin ƙanƙarar ƙasar Suwidin ko cin amana a gidan wani attajirin Landan, laifuffukan da bai san masu yinsu ba, bai kuma san abin da ke ingiza su ba. Alhali kuwa tun daga shekarar 2009 zuwa yau marubutan Gana da Nijeriya sun fitar da labarai na wannan fanni waɗanda ba su gaza na Turai ba, kuma laifin da ke cikinsu irin wanda muke jin labarinsa ne a tashar mota da bakin masallaci.

Na san akwai dattawanmu da ke ɗaukar irin wannan karatu lagawu ne da ɓata lokaci, sai dai wanda ya zauna gaban malaman fiƙihu ya san cewa gano gaskiya ta hanyar alama ilmi ne mai asali. A Suratu Yusuf an bambance mai gaskiya da mai ƙazafi ta duban inda riga ta yage; Iyasu ɗan Mu'awiya, alƙalin Basra, har yau ana buga misali da firasarsa; Ibnul Ƙayyim kuwa ya wallafa littafi sukutum, Aɗ-Ɗuruƙul Hukmiyya, domin ya nuna cewa alƙalin da ya yi watsi da ƙarina ya dogara ga rantsuwa kaɗai zai tozarta haƙƙoƙi masu yawa. Ko a cikin Dare Dubu da Ɗaya akwai hikayar tuffa uku, inda Halifa Haruna Rashidu ya ba wazirinsa Ja'afaru wa'adin kwana uku ya nemo wanda ya kashe wata mace da aka tsamo a akwati daga kogin Dijla. Ma'aunina ke nan ga kowane littafi: marubucin ya shimfiɗa wa mai karatu hujjoji bisa adalci, ba tare da ya ɓoye bayyina a aljihu ba, sa'an nan kuma gawar da ya ajiye mana ta faɗi wani abu game da ƙasar da aka tsince ta.

Wanda ya fi kowa naci a wannan fage shi ne Kwei Quartey, haifaffen Ankara, babban birnin Gana, likita ne da ya daɗe yana aiki a Amurka. Ya fara da Wife of the Gods a 2009, inda ya gabatar da Sufeto Darko Dawson, ɗan sanda mai zafin zuciya, mai zuƙar wiwi a ɓoye, wanda ɗansa ke fama da ciwon zuciya kuma albashi bai isa kuɗin aiki ba. Wannan rauni nasa shi ya sa ake gaskata shi, domin jarumin da ba shi da aibi ba ya zama a zuciyar mai karatu. Amma ga mutumin Arewa, littafinsa na biyu, Children of the Street na 2011, shi ne ya fi kusa da gida. Labarin ya soma ne da gawar wani matashi a gurɓataccen ruwan Korle, kusa da Agbogbloshie, kuma waɗanda makashin ke farauta su ne yaran titi masu tura amalanke da ɗaukar kaya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Tamale da almuru ya ga 'yan mata ƙanana suna hawa motar Kudu, kowace da ƙunshin tufafinta a leda da lambar wayar wata 'yar'uwa a rubuce a takarda, za su tafi kayaye a kasuwannin Kumasi da Ankara, inda za su wuni da daro a ka su kwana a barandar shago, ya san su wane ne waɗannan yara, ya kuma san cewa idan ɗaya ta ɓace ba lalle ne a buɗe mata fayil ba.

Bayan Gold of Our Fathers na 2016, wanda ya shiga ramukan haƙar zinariya ta haram a ƙasar Asante, sai Quartey ya kawo wata sabuwar jaruma, Emma Djan, budurwar da ta rasa aikin ɗan sanda saboda ta ƙi miƙa kanta ga wani babban jami'i, ta koma kamfanin bincike mai zaman kansa. Littafinta na farko, The Missing American na 2020, wanda ya ci kyautar Shamus a 2021, a kan 'yan sakawa yake, masu yaudarar Turawa ta intanet suna haɗawa da tsafi. A cikinsa har da ɗan jarida mai rufe fuska, wanda babu ɗan Gana da zai gan shi bai tuna da Anas Aremeyaw Anas ba. Na fi son Last Seen in Lapaz na 2023, inda 'yar wani babban jami'in diflomasiyyar Nijeriya ta gudu da saurayinta, aka tsinci gawar saurayin a wani otal na Ankara, ita kuwa aka neme ta aka rasa, har bincike ya fallasa masu safarar mutane ta Agadas zuwa Libiya. Wannan hanya ce da samarin zango suka san sunan kowane matsayi nata. Aibin Quartey guda ne, kuma ba ƙarami ba: yakan tsaya yana yi wa baƙo bayanin abin da kowane yaro a Gana ya sani, ta yadda wani lokaci mai karatu na gida zai ji kamar an zaunar da shi a gefe ana hira da wani.

Wannan aibi babu shi a Tail of the Blue Bird na Nii Ayikwei Parkes, wanda shi ma ya fito a 2009, kuma a ganina shi ne gwarzo a cikinsu duka, ko da yake ƙarami ne. An tsinci wasu ragowar sassan jiki masu wari a cikin wata bukka a ƙauyen Sonokrom, kuma da yake budurwar wani minista ce ta gani, sai hukuma ta tilasta wa Kayo, masanin binciken gawa da ya yi karatu a Ingila, ya kawo amsar da za ta gamsar da manya. Ya je da kwalabensa da na'urorinsa, amma abin da ya buɗe masa ido shi ne wani tsohon maharbi da ke ba shi labari gutsure-gutsure kowane dare a wurin shan bammi, yana faɗin gaskiya ba tare da ya kama sunan kowa ba. Mas'alar da littafin ya tayar tsohuwa ce wurin malamai, watau bambancin da ke tsakanin sanin haƙiƙar abu da iya tabbatar da shi a gaban shari'a, da kuma wanda ke da haƙƙin yanke hukunci idan gwamnati ta yi nisa da talakawanta.

Daga Nijeriya, Lightseekers na Femi Kayode, wanda ya fito a 2021, ya ɗauko tushensa daga kisan ɗalibai huɗu da taron jama'a ya yi a Aluu, kusa da Fatakwal, a 2012. Babu tambayar wa ya yi kisan, tunda an ɗauki abin a waya duniya ta gani. Tambayar da mai binciken, masanin halayyar ɗan'adam, yake bi ita ce abin da ke mai da maƙwabta na gari makasa a cikin sa'a guda. Mu nan ba mu da bakin cewa wannan cutar wasu ce, domin a watan Yuli na 2020 aka kashe wata tsohuwa mai kimanin shekara 90 da duka a Kafaba, kusa da Salaga, bisa zargin maita, mutane suna tsaye suna kallo.

Wanda ya fi son ya karanta da harshenmu, to ya nemi Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, dukansu na 1982. Na farko labarin Mailoma ne, tsohon soja da ya fito daga yaƙin basasa ya kafa ƙungiyar ta'addanci, na biyu kuwa a kan fasa-ƙwauri ne da attajiran da ke sayen ma'aikatan hukuma. Sun tsufa, amma ba su yi lami ba.

Abin da ke damuna a duk wannan jeri shi ne matsayin Arewacin Gana a cikinsa, domin idan an ambace mu, a matsayin garin da wanda aka kashe ya fito ake ambatonmu, mai bincike kuwa kullum ɗan Kudu ne. Ayesha Harruna Attah ta nuna cewa ƙasar nan tana da abin rubutawa, da ta fitar da The Hundred Wells of Salaga a 2018, wanda ta gina a kan kasuwar bayi da makircin fada da ya kai ga yaƙin Salaga na 1892, sai dai nata tarihi ne, ba binciken laifi ba. Rikicin filaye, satar shanu, takardun bogi, taki da man fetur da ke tsallaka iyakar Paga da dare, duk suna nan suna jiran mai alƙalami da ya san Dagbani da Hausa, ya san yadda ake gaida sarki da yadda ake ciniki a Aboabo.

Mai kuɗin littafi ɗaya ya sayi na Parkes, mai na biyu ya ƙara da Last Seen in Lapaz. Masu kula da ɗakin karatu na Jihar Arewa da shugabannin makarantun sakandare kuwa, ina roƙonsu su sa waɗannan littattafai a kan kanta, domin yawancinsu a ƙasashen waje aka buga su, kuma tsadarsu ta fi ƙarfin aljihun ɗalibi.