Shin ƙarin jini na lalata huhu?

A ɗakunan jinya ana yawan raɗe-raɗin cewa ƙarin jini na lalata huhu, har wani ya ƙi sa hannu a ƙara wa ɗan'uwansa jini alhali yana kwance rai a hannun Allah. Maganar tana da tushe, sai dai an ƙara mata gishiri.

Gaskiya ne akwai raunin huhu da kan biyo bayan ƙarin jini, wanda likitoci ke kira TRALI. Likitoci biyu na asibitin Mayo da ke Amurka, Popovsky da Moore, su suka fayyace shi a shekarun 1980. Yakan bayyana ne ana cikin ƙarin jinin ko cikin awa 6 bayansa: numfashi ya sarƙe, zazzaɓi ya taso, sau da yawa awon jini ya faɗi. Galibi ruwan jinin wanda ya bayar ne ke ɗauke da sinadaran garkuwa da ke tunzura fararen ƙwayoyin jinin majinyaci, su kuma su illata ƙananan jijiyoyin huhu, ruwa ya tsattsafo ya cika gurbin iska.

Ƙarya ce a ce hakan na faruwa ga kowa. Abu ne da ba safai ba. Kuma ba alama ba ce ta an saɓa rukunin jini, don ko ledar jinin ta dace ɗari bisa ɗari yana iya aukuwa. Yana kisa, ba a musu, amma akasarin waɗanda aka sa wa oksijin da wuri sukan farfaɗo cikin kwana biyu zuwa huɗu, huhunsu ya koma garas.

Sai batun "jinin mace ba shi da kyau", wanda ya fi ba ni takaici. Abin da ke nan shi ne, macen da ta yi ciki sau da yawa jikinta kan ƙera waɗancan sinadaran garkuwar saboda jininta ya haɗu da na 'ya'yanta. Shi ya sa tun 2003 Birtaniya ta koma amfani da ruwan jinin maza a mafi yawan lokuta, kuma cutar ta ragu ƙwarai. Ruwan jini ake nufi. Jajayen ƙwayoyin jinin mace na ceton rai kamar na kowa. A nan ne ma al'adarmu ta "a nemo jinin dangi" ke buƙatar lura, domin jinin uwa zuwa ga ɗanta ko na mata zuwa ga mijinta bai fi na bare aminci ba ta wannan fuskar.

Akwai kuma wata matsalar daban mai kama da wannan, wato jini ya yi wa zuciya yawa, musamman ga tsofaffi da ƙananan yara. Maganinsu ba ɗaya ba ne, likita ne zai bambance.

Idan kana jinya ka ga majinyaci ya fara haki ana cikin ƙarin jini, kada ka tsaya yi masa fifita. Kira nas nan take a tsayar da ledar.