An Cire Kuɗi, Alat Bai Zo Ba: Yadda Mai Kasuwanci a Jibiya Zai Zaɓi Manhajar Bibiyar Biyan da Ya Maƙale

Duk mai karɓar kuɗi ta waya ya san rigimar nan: mai saye ya nuna rasit a wayarsa, ya rantse an cire masa kuɗi, mai kaya kuma ya duba asusunsa bai ga komai ba. A cikin Katsina ana iya cewa mutum ya je ya dawo gobe. A Jibiya kuwa mai sayen na iya zama direban da zai tsallaka Magama ya nufi Ɗan Isa da Maraɗi kafin la'asar. In an ba shi kaya daga baya kuɗin suka koma asusunsa, asara ta hau mai kaya. In an hana shi kuma kuɗin suka shigo da daddare, an rasa kwastoma, ga kuɗin mutane a hannu.

Matsalar ta fi damun matasa masu shafin sayar da data da katin waya, waɗanda kwastomominsu ke zuba kuɗi a walat ta Monnify ko Paystack ko Flutterwave, da kuma dilolin da ke karɓar tiransfa da yawa ranar kasuwa. Su ne ke neman manhajar da za ta riƙa sa musu ido.

Biyan da bai tafi daidai ba iri uku ne. Akwai wanda banki ya ƙi kai tsaye, shi ba ya cutar da kowa. Akwai wanda mai saye ya fara ya bari. Na uku shi ne wanda ya maƙale a tsakani, wanda rasit ke rubuta wa Pending: kuɗi sun bar asusun mai saye, amsa ba ta iso ba. A nan ake asara, a nan ake faɗa. Manhajar da ta tara duka ukun ta lulluɓe su da jan launi ɗaya ba ta da amfani, komai kyan fuskarta.

Ya kamata ta nuna dalili ma. Kowane biya na dawowa da lambar amsa: 00 ya tafi, 51 kuɗin asusun ba su isa ba, 55 an sa lambar sirri ba daidai ba, 91 kuma bankin ko hanyar da ke kai saƙo gare shi ba ta amsawa. Mai 51 magana ɗaya ta ishe shi. Amma idan 91 ta fito sau biyar a jere daga banki ɗaya, lokaci ya yi da za a ce wa kwastomomi su canza banki ko su dakata, kafin layi ya cika da masu ƙorafi.

Abu mafi muhimmanci a zaɓin shi ne yadda manhajar ke sanin an biya. Kamfanin karɓar kuɗi yana aika saƙo zuwa sabar shafin mutum da zarar biya ya kammala, saƙon da masu haɗa manhaja ke kira webhuk. Idan sabar tana kwance a lokacin, saƙon ya faɗi ƙasa. Paystack, alal misali, yana sake aikawa bayan kowane minti 3 har sau huɗu, sannan sau ɗaya a awa har awa 72. Wannan abu ne mai kyau, sai dai yaron da ya zuba naira dubu biyu don ya sayi data ba zai jira awa guda ba, zai shiga WhatsApp ya kira mai shafin ɓarawo. Saboda haka manhaja ta gari ba ta zama jiran saƙo kawai. Ita da kanta take komawa ta tambayi kamfanin matsayin kowane biya da ya maƙale, ta yi ta tambaya har ta sami amsa, ko e ko a'a. Wanda ke tallar manhaja in aka tambaye shi wannan ya fara kame-kame, a wuce shi.

Sake aikawar nan tana da nata tarkon. Saƙo ɗaya na iya zuwa sau biyu, manhajar da ba ta riƙe lambar kowane biya ba kuma sai ta zuba wa kwastoma kuɗi sau biyu a walat, ya saye data da su kafin a farga. Haka nan dole ta tantance sa hannun da ke jikin saƙon, in ba haka ba duk wanda ya gano adireshin zai iya aiko da saƙon bogi.

Sai maganar sabis, wadda mutanen Jibiya ba sa bukatar a yi musu bayani. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Jibiya, aka shafe watanni a haka. A farkon 2023 kuma, lokacin ƙarancin sababbin takardun naira, kowa ya koma tiransfa, manhajojin bankuna suka riƙa sandarewa. Ko a ranar da komai ke lafiya, waya a bakin iyaka takan kama sabis ɗin Nijar. Don haka aikin sa idon ya kasance a kan saba yake gudana, ko wayar mai shago tana kashe, ya tarar da rahoto idan ya dawo kan layi. Gargaɗi kuma ya iya zuwa ta saƙon tes, domin imel da hotuna masu nauyi ba sa buɗewa a sabis mai sanda ɗaya.

Akwai ɓangaren da babu wata manhajar Najeriya da za ta gani da kanta, wato kuɗin da aka biya da sefa. Kwastoman Maraɗi na iya turo kuɗi ta Nita ko Amana ko Airtel Money na Nijar, wani ya karɓa, a canza zuwa naira. Wannan bai bi ta NIBSS ba, ba zai taɓa fitowa a shafin Paystack ba. Manhajar da ta dace da iyaka tana da wurin shigar da irin wannan biya da hannu, da farashin canjin ranar da sunan wanda ya karɓa. In babu, za a ƙare da littafi biyu da ba sa ga maciji da juna.

Ta kuma san lissafin caji. A tsarin Paystack na cikin gida ana cire kashi 1.5 cikin 100 da ƙarin naira 100, ana yafe ɗarin ga abin da bai kai naira 2,500 ba, cajin kuma ba ya wuce naira 2,000. Wanda aka biya naira 10,000 zai ga 9,750 washegarin ranar aiki. Manhajar da ba ta san haka ba kullum za ta riƙa ihun kuɗi sun ɓata, daga nan mutum ya daina sauraronta, ranar da suka ɓata da gaske ma bai kula ba.

To wacce za a ɗauka? Mai ƙaramin shago da ke karɓar biya ashirin ko talatin a rana bai da bukatar sayen komai. Shafin rahoton Moniepoint ko OPay ko Paystack, da jadawalin Google Sheets da ake daidaitawa kowane dare, sun wadatar. Mai shafin data shi ne ke bukatar ƙari: ɗan aikin da ke sake tambayar biyan da ya maƙale, da wani abu kamar UptimeRobot mai sanarwa idan shafi ya faɗi, da Sentry mai nuna inda manhaja ta yi tuntuɓe. Manyan manhajojin ƙetare da ake biya da dala an gina su ne don kuɗin wata-wata da ake cira daga kati, abin da ba shi ne ciwon Jibiya ba. Kuma ɗaure kai da kuɗin shekara kasada ce a garin da Najeriya ta rufe iyakarsa daga 2019 zuwa Afrilun 2022, ta sake rufewa a Agustan 2023 har zuwa Maris na 2024.

Waɗanda ya kamata a guje wa gaba ɗaya su ne masu karanta alat daga saƙon tes na waya su ce an biya, domin alat na bogi ma saƙon tes ne. Haka duk wadda ta nemi lambar sirrin banki.

Idan kuɗi sun maƙale, hujja ake nema. Tun watan Yunin 2020 Babban Bankin Najeriya ya ba bankuna awa 72 su warware biyan POS ko na intanet da ya gaza, wanda kuma bankinsa ya yi mako biyu bai warware ƙorafinsa ba yana iya kai ƙara sashen kare masu hulɗa da bankuna na CBN. Abin da za a fara tambaya shi ne lambar tiransfar mai alƙaluma 30, wadda rasit ke kira Session ID, da rana da lokaci. Manhajar ta adana su, ta kuma iya fitar da su a fayil ɗaya.

Kafin a biya ko sisi, a gwada ta ranar kasuwa da rana tsaka: a tura naira 200, a kashe data ana tsakiyar biya, a kunna bayan minti biyar, a ga abin da za ta rubuta.