Batirin mota

Batirin mota, ko batir, ma'ajin lantarki ne da ake iya sake yi wa caji, wanda babban aikinsa shi ne juya kik domin injin mota ya tashi. Yana kuma bai wa fitilu, rediyo da kwamfutar mota wuta a lokacin da inji yake kashe. Mafi yawan batiran da ke kan hanyoyin Najeriya na dalma da asid ne, masu ƙarfin volt 12. A ƙasashe masu matsakaicin yanayi irin wannan batir yakan yi shekara 3 zuwa 5, amma a wurare masu zafi, kamar kudancin Jihar Kano, ya fi tsayawa tsakanin shekara 2 zuwa 3, wani lokaci ma ƙasa da haka idan babu kula.

Tarihi

Wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Faransa mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro batirin dalma da asid a shekarar 1859. A shekarar 1881 Camille Faure ya inganta shi ta hanyar shafa kwaɓaɓɓen garin dalma a jikin farantai, abin da ya sauƙaƙa ƙera shi da yawa. Motocin farko da hannu ake wana su kafin su tashi, sai a shekarar 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da mota mai kik na lantarki, wanda Charles Kettering ya tsara. Daga nan batir ya zama dole a kowace mota. Da farko volt 6 ake amfani da shi, kafin a koma volt 12 a shekarun 1950, saboda injuna sun ƙara girma.

A Najeriya an taɓa ƙera batirin Exide a masana'antar West African Batteries da ke Ibadan, wadda daga baya ta daina aiki. Kamfanin Ibeto na garin Nnewi a Jihar Anambra shi ma ya shahara da ƙera batir. Duk da haka, kaso mafi girma na batiran da ke kasuwa daga waje ake shigo da su, musamman daga Koriya ta Kudu, Indiya da Sin.

Yadda yake aiki

A cikin batir akwai ɗakuna 6, kowanne yana ba da kimanin volt 2.1, jimilla volt 12.6 idan ya cika. Kowane ɗaki yana ɗauke da farantan dalma da aka tsoma cikin ruwan batir, wato asid ɗin salfa da aka surka da tataccen ruwa. Idan ana jan wuta, asid yana haɗuwa da dalma ya bar wani farin gishiri a jikin farantan. Idan inji ya tashi, altaneta takan mayar da wuta da ƙarfin volt 13.8 zuwa 14.4, gishirin ya narke, asid ya koma cikin ruwa.

Ana auna girman batir da amfiya-awa, wanda ake rubutawa Ah a jikinsa. Ƙananan motoci sukan ɗauki Ah 45 zuwa 75, bas-bas da a-kori-kura Ah 75 zuwa 100, su kuwa tirela da tifa sukan haɗa manyan batira biyu a jere su ba da volt 24. Batir iri biyu ne aka fi sani a kasuwa: mai murafu, wanda ake buɗewa a ƙara masa ruwa, da kuma rufaffe, wanda ba a ƙara masa komai har ya mutu.

Abubuwan da ke rage masa kwana

Zafi shi ne babban abokin gabar batir. Yana ƙafar da ruwan ciki, yana kuma hanzarta cinyewar ragar dalmar da ke riƙe da farantai. Ƙa'idar da masu ƙera batir suka saba bayarwa ita ce, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 na ma'aunin Selshiyos yana raba rayuwar batirin dalma gida biyu, idan ya daɗe a cikin wannan zafin. A Jihar Kano zafin rana yakan kusanci digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, kuma ƙarƙashin bonet ya fi haka nesa ba kusa ba.

Sai dai batir bai cika nuna gazawarsa a bazara ba. Ya fi ƙin tayar da mota da asubahin hunturu, a watannin Disamba da Janairu, lokacin da sanyi yake rage kuzarin asid, baƙin mai kuma ya yi kauri, inji ya yi nauyin juyawa. Shi ya sa direbobi da dama suke ɗora wa sanyi laifi, alhali ɓarnar tun bazara ta auku, hunturu tona ta kawai ya yi.

Abu na biyu shi ne zama babu caji. Batir yana zubar da wuta a hankali ko da ba a taɓa shi ba, kuma zafi yana ƙara saurin zubar. Idan ya yi makonni a haka, farin gishirin nan yakan daskare a jikin farantai ya ƙi narkewa, batir ya rasa wani ɓangare na ƙarfinsa har abada. Gajerun tafiye-tafiye na cikin gari, inda ake yawan kashewa da kunnawa, su ma ba sa bai wa altaneta lokacin mayar da abin da kik ya ja.

Na uku shi ne jijjiga. Hanya mai ramuka da gargada tana kakkaɓe garin dalma daga farantai ya taru a ƙasan ɗaki, har ya haɗa farantan da bai kamata su haɗu ba, ɗakin ya mutu. Batirin da ba a ɗaure da ƙarfensa ba ya fi fuskantar wannan.

Na huɗu matsalar caji ce. Altaneta mai ba da wuta fiye da kima tana tafasa ruwan batir, mai ba da ƙasa da kima kuma tana barinsa da yunwa. Fambel da ya saki yana haifar da irin wannan yunwar. Akwai kuma kuskuren zuba ruwan rijiya ko na burtsatse, wanda gishirin cikinsa yake lalata farantai, da kuskuren ƙara asid maimakon tataccen ruwa. Ruwa ne yake ƙafewa, asid yana nan, don haka ƙara shi yana ƙara cin dalmar ne kawai.

A kudancin Jihar Kano

Ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa suna kan manyan hanyoyi biyu. Hanyar Kano zuwa Zariya ta ratsa ɓangaren Bebeji da Kiru, daga Kwanar Dangora kuma wata hanyar ta ɓalle ta bi ta Tudun Wada, dajin Falgore da Doguwa zuwa Saminaka da Jos. Motocin haya irin su Golf, Sharon da bas-bas da ke bin waɗannan hanyoyi suna samun doguwar tafiyar da ke cika batir, amma suna shan zafi da jijjiga kullum. Mutuwar batir a tsakiyar dajin Falgore, inda garuruwa suke nesa da juna, ta fi gaban ɓata lokaci, musamman da dare, ga fasinjoji ga kaya.

Yankin na noma ne: masara da shinkafa a Tudun Wada da Doguwa, da noman rani a kewayen madatsar ruwa ta Tiga da ke Bebeji, wadda aka gina a shekarun 1970 zamanin Gwamna Audu Bako. Taraktoci da motocin ɗaukar amfanin gona suna aiki tuƙuru da damina da kaka, sannan wasunsu su yi watanni a ajiye. Wannan zaman yana kashe batir fiye da aikin. Maganinsa shi ne a cire kan batir, a ajiye shi a inuwa, a riƙa kai shi wurin mai caji kamar sau ɗaya a wata.

Saboda ƙarancin wutar lantarki a ƙauyuka, ana kuma amfani da batirin mota wajen cajin waya, kunna lasifika, ko haɗa shi da farantin sola. Batirin mota an ƙera shi ne ya ba da wuta mai yawa cikin daƙiƙoƙi kaɗan, farantansa sirara ne. Idan ana shanye shi ƙarƙaf kowane dare, cikin 'yan watanni yake lalacewa. Batirin sola mai kaurin farantai shi ya dace da wannan aiki.

Alamomin mutuwa da gwaji

Daga cikin alamomin akwai nauyin kik da safe, dusashewar fitilu idan ana tayar da mota, kumburin jikin batir, warin ruɓaɓɓen ƙwai, da farin gari ko shuɗi da ke taruwa a kawunansa. Masu gyaran lantarkin mota, waɗanda ake kira 'yan rewaya, suna gwada shi da mita. Batirin da ya huta na wasu awanni, idan ya nuna volt 12.6 cike yake, 12.2 rabi ne, 12.0 saura kwata. Idan ya tsaya a wajen 10.5 ko bayan caji, alama ce ɗaki ɗaya ya mutu. Lokacin da ake murza makulli kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da volt 9.6 ba.

Gwajin altaneta yana da muhimmanci kafin a sayi sabo, domin sabon batir a motar da ba ta caji kwanaki kaɗan zai yi ya kwanta. Sau da yawa kuma laifin na kawunan batir ne da suka saki ko suka yi datti, wanda wankewa da ruwan kanwa da ɗaurewa kawai yake magancewa.

Kuɗin sauyawa

Farashin batir ya dogara da girmansa, sunan kamfaninsa, farashin dalma a kasuwar duniya da kuma canjin dala. Tun da yawancinsu shigo da su ake yi, faɗuwar naira tana bayyana a farashinsu nan take. A farkon watan Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, amma bayan Babban Bankin Najeriya ya saki kasuwar canji a wannan watan, sai ta haura naira 1,500 a shekarar 2024. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ƙara kuɗin dakon kaya daga tashoshin jiragen ruwan Legas zuwa Arewa. A Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa ita ce cibiyar kayan gyaran mota, kuma dillalan garuruwan kudancin jihar sukan ɗora kuɗin mota da ribarsu a kan farashin birni.

Tsada ta sa mutane da yawa suna komawa ga batir na hannu, wanda aka ciro daga motocin da aka shigo da su, ko wanda aka sauya wa ruwa aka yi masa caji. Ainihin tsadar batir tana fitowa ne idan aka raba kuɗinsa da yawan watannin da ya yi aiki. Na hannu da aka saya a rabin kuɗin sabo ya yi wata 6, ya ninka sabon da ya yi wata 24 tsada a kowane wata, ban da kuɗin caji da asarar ranakun aiki. A nan karin maganar araha ba ta ado take tabbata.

Abubuwa uku suna rage asara wajen saye. Na farko duba ranar ƙira da aka buga a jikin batir, domin wanda ya wuce wata 6 a kan kanta ya riga ya fara tsufa. Na biyu karɓar rasit da takardar garanti. Na uku miƙa tsohon batir, wanda ake kira kwandem, domin dillalai sukan rage kuɗinsa daga farashin sabo. Kimanin kashi 60 cikin 100 na nauyin batir dalma ce, shi ya sa 'yan gwangwan suke sayensa.

Haɗari da sake sarrafawa

Batir yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, wadda tartsatsi kaɗan yake iya tayar da ita. Saboda haka ana fara cire kan da ke da alamar ragi, a mayar da shi a ƙarshe, kuma ba a kusantar da wuta ko sigari. Ruwan batir yana ƙona fata da tufafi, yana makantarwa idan ya shiga ido.

Haɗari mafi girma yana ga dalmar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba shi da illa, kuma yara ƙanana ta fi cutarwa, tana taɓa ƙwaƙwalwarsu. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke wajen Dakar a ƙasar Senegal, yara 18 sun mutu tsakanin 2007 da 2008 sanadiyyar fasa tsofaffin batira a cikin unguwa. Arewacin Najeriya ma ya ga aikin gubar dalma a Jihar Zamfara a 2010, inda yara kimanin 400 suka rasu, ko da yake can daga duwatsun zinariya ta fito. A garin Ogijo na Jihar Ogun, inda masana'antun narka batir suka taru, gwaje-gwaje sun nuna dalma mai yawa a ƙasa da kuma jinin mazauna.

Hukumar NESREA mai kula da dokokin muhalli, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da dokar kula da batira a shekarar 2024, wadda ta tsara yadda za a tattara tsofaffin batira, a yi jigilarsu, a kuma sarrafa su. Abin da masana lafiya suke shawarta shi ne a miƙa mataccen batir cikakke ba tare da an fasa shi ko an zubar da ruwansa ba, kada a ajiye shi a ɗakin kwana ko kusa da rijiya da rumbun hatsi, kuma kada a mayar da kwandonsa mazubin ruwa ko abincin dabbobi.