Bindigar Toka a Ƙuryar Ɗaki: Kariya ko Haɗari?

Tun da 'yan bindiga suka kai hare-hare ƙauyukan Shanono da Tsanyawa a ƙarshen shekarar 2025, zancen ajiye bindiga a gida ya sake tasowa a arewacin Kano. To, me kimiyya ta ce?

Bindigar toka da albarushi take aiki. Idan ya kama wuta, sai ya rikiɗe ya zama iska mai zafi wadda ke tunkuɗa harsashi waje. Albarushi yana shan laima da damina, sai bindiga ta ƙi tashi lokacin da ake bukatarta. Idan kuwa an yi ɗuri fiye da kima, bututun da aka ƙera da ƙarfe marar ƙwari yakan fashe a hannun mai harbi.

A karkarar Kano kuwa gidaje a kusa da juna suke. Dangar kara da zana ba sa tare harsashi, cikin duhu kuma da wuya a bambance ɓarawo da maƙwabci.

A 1993, binciken Dokta Arthur Kellermann a Amurka ya nuna cewa haɗarin kisan kai a gidan da ke da bindiga ya kusa ninki uku, kuma yawanci ɗan gida ko makusanci ne ke aikata shi.

Dokar Makamai ta 1959 ta ba Kwamishinan 'Yan Sanda ikon hana mallakar bindigar toka ba tare da lasisi ba. Wanda ya samu, ya ajiye ta ba ɗuri, nesa da yara da murhu.