NUMFASHIN INJIN MOTA DA TARKON BAƘIN MAI

Gabatarwa

Duk wanda ya saba shiga motar haya daga Dutse zuwa Kano ko Azare, ba zai rasa ganin direba ya tsaya a mararrabar Shuwarin ya ɗaga bonet domin duba ruwa da mai ba. Idan mai karatu ya leƙa a irin wannan lokaci, sau da yawa zai ga wani ɗan tiyo da ya fito daga murfin saman injin yana reto, bakinsa na fitar da tururi yana ɗigar da baƙin mai. Wani direban yakan ɗaura masa tsohuwar gorar ruwa da waya, wani kuwa yakan toshe shi da ƙusa ko guntun ice. An fi samun haka a motocin da aka taɓa injinsu, wato waɗanda aka sauya wa injin da na Kwatano, ko aka cire musu injekta aka sa kafireta, ko kuma aka mayar da su masu amfani da iskar gas bayan cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023. Wannan tiyo shi ne hanyar numfashin cikin injin. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana aikinsa, da kuma amfanin wani ɗan gwangwani da ake haɗa masa, wanda za mu kira tarkon mai.

Me ya sa injin ke buƙatar numfashi?

A cikin kowace silinda akwai fistin da ke hawa da sauka, kuma a jikinsa akwai zobba na ƙarfe, waɗanda kanikawa ke kira ringi, masu hana ƙarfin fashewar fetur zurarewa ƙasa. Injin mai silinda huɗu da ke juyawa sau 3,000 a minti yana yin fashewa 100 a kowace daƙiƙa. Komai kyan zobe, dole a bar masa ɗan gibi saboda buɗewar da ƙarfe ke yi idan ya ɗauki zafi, don haka a kowace fashewa wani ɓangare na iskar yakan sulale zuwa ɗakin da ke ƙasa, inda kiranshaf ke juyawa a saman kaskon mai.

Wannan iska tana ɗauke da fetur da bai ƙone ba, da kunkunniya, da sinadarai masu tsami, da kuma tururin ruwa, domin kuwa ƙona lita ɗaya ta fetur yana samar da kusan lita ɗaya ta ruwa. Har ila yau, juyawar kiranshaf tana fesa baƙin mai ya zama hazo, iskar ta kwashe shi. Idan aka toshe mata hanya, ƙarfinta zai taru ya tura mai ta bakin gasket da robobin da ke riƙe mai, wani lokaci ma ya cillo sandar awon mai daga raminta, ruwan kuma ya gauraye da mai ya zama dagwalo mai toshe hanyoyin da mai ke bi. Idan kuma aka bar tiyon yana reto, to abin da ke cikinsa zai ƙare ne a kan hanya da cikin huhun fasinja, ƙurar hunturu kuma ta sami ƙofar shiga injin ba tare da ta bi ta matatar iska ba.

Taƙaitaccen tarihi

Motocin dā suna zubar da wannan iska ne ta wani bututu da ke fuskantar ƙasa. A shekarun 1940 wani hazo mai sa hawaye da ƙona ganyen shuke-shuke ya addabi birnin Los Anjalis na Amurka. Wanda ya warware sirrinsa shi ne Arie Haagen-Smit, mutumin Holan da ke koyarwa a sashen nazarin halittu na cibiyar Caltech, wanda a da bincikensa ya shafi sinadaran tsirrai ne. A farkon shekarun 1950 ya nuna cewa hazon yana samuwa ne idan hasken rana ya daki tururin fetur da iskar da ƙonewa ke fitarwa. Daga motocin shekarar 1961, sababbin motocin da ake sayarwa a jihar Kalifoniya suka fara zuwa da bawul ɗin PCV, wanda ke mayar da iskar cikin injin zuwa bututun shaƙar iska domin a sake ƙona ta. Wannan tsari ne ya game duniya har yau.

Matsalar injin da aka taɓa

Tsarin PCV yana da aibi guda: hazon mai yana bin iskar ya koma cikin bututun shaƙa. A injin da ke yadda kamfani ya ƙera shi, kuma fetur ke bi ta bayan bawul yana wanke shi, wannan ba ya cika yin illa. Amma idan aka taɓa injin, lissafin yakan canza ta hanyoyi uku.

Na farko, injin da aka ƙara wa ƙarfi ko aka ɗora wa turbo yana da matsi mai yawa a silinda, don haka iskar da ke sulalewa takan fi ƙarfin hanyar da aka tanadar mata. Man da ya shiga silinda yana sa fetur fashewa kafin lokacinsa, abin da direba ke ji kamar ƙarar tsakuwa a gwangwani idan motar na hawan tudu, kuma yakan lalata fistin.

Na biyu, injin da ke aiki da iskar gas ba ya samun wankin bawul, domin busasshiyar iska ce ke shiga, ga shi kuma ƙona ta yana fitar da tururin ruwa fiye da fetur. Haka abin yake ga sababbin injunan da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda. Mai yakan manne a bayan bawul, zafi ya toya shi ya zama ɓawon gawayi, ƙofar iska ta ƙuntata.

Na uku, a injin dizal na zamani, kamar na motocin a-kori-kura, ana mayar da wani ɓangare na hayaƙin salansa cikin bututun shaƙa. Idan kunkunniyar wannan hayaƙi ta haɗu da hazon mai, sai su zama wani abu mai kama da kwalta da ke cike bututun sannu a hankali.

Yadda tarkon mai ke aiki

Tarkon mai gwangwani ne rufaffe na ƙarfe, mai ƙofar shiga da ta fita, wanda ake sakawa a tsakiyar tiyon numfashi. Hanya mafi sauƙi ta fahimtar aikinsa ita ce mu dubi hancinmu. A cikin hancin ɗan Adam akwai gashi, da wasu ƙasusuwa masu lanƙwasa da majina ta lulluɓe. Iskar da muka shaƙa tana lanƙwasawa ta bi tsakaninsu, amma ƙwayar ƙura, da yake ta fi iska nauyi, ba ta iya juyawa da sauri, sai ta daki bango ta manne. Shi ya sa majina ke sauya launi a lokacin hunturu.

A cikin tarko mai kyau akwai faifan ƙarfe masu karkatar da iska, da raga ko soson ƙarfe. Iskar takan rage gudu idan ta fito daga siririn tiyo zuwa faffaɗan gwangwani, ta yi ta sauya alƙibla, ɗigon mai ya daki ƙarfe ya haɗu da 'yan'uwansa ya gangara ƙasa, tururin ruwa da na fetur su ma wani ɓangarensu ya huce ya zama ruwa. Abin da ya rage sai ya wuce zuwa injin a ƙone shi. Daga nan za mu gane cewa gorar da direba ya ɗaura da waya, ko gwangwanin da babu komai a cikinsa, kamar hanci ne marar gashi da majina: manyan ɗigo kawai yake kamawa.

Ƙa'idojin haɗawa

A injin fetur marar turbo, ana sa tarkon ne tsakanin bawul ɗin PCV da bututun shaƙa. A mai turbo kuwa, bawul ɗin yakan rufe idan turbo ya ɗauka, iskar ta bi tiyo na biyu zuwa bakin turbo, saboda haka wajibi ne bakanike ya gane hanyoyin biyu kafin ya yanke ko ɗaya. Dole tiyon ya zama mai jure mai da zafi, kuma kada ya fi na asali ƙunci. A kafa gwangwanin a tsaye, nesa da salansa, a ɗaure kowace mahaɗa da kyau, domin iskar da ta shiga ta ɓaraka takan sa injin rawa idan yana tsaye. Idan mai walda ne ya ƙera shi, a tabbata an sa raga a ƙofar fita, kada guntun soso ya faɗa silinda.

A fara duba shi bayan kilomita 1,000, wato kamar zuwa Kano da dawowa sau huɗu ko biyar, daga nan a san yawan abin da yake tarawa. A lokacin sanyi, musamman ga mai gajeriyar tafiya a cikin gari kamar daga Takur zuwa Garu, yakan cika da wuri da wani ruwa mai kama da kunu, saboda injin bai yi zafin da zai kori tururi ba. Gwangwanin da ya cika ya fi rashinsa haɗari, domin injin zai zuƙi abin da ke ciki gaba ɗaya. Injin dizal kuwa yana iya ƙona baƙin mai a matsayin makamashi, ya yi ta ruri ko an kashe makulli, har ya tarwatse.

Ya kamata a sani cewa tarko ba ya gyara zoben da ya cinye. Idan yana cika cikin 'yan kwanaki, alama ce ta a auna matsin silinda. Haka kuma motar da ba a taɓa ba, mai lafiyayyen bawul ɗin PCV, galibi ba ta buƙatarsa.

Abin da aka tara

Kada a mayar da abin da ke cikin tarko kaskon mai, domin gaurayen ruwa da fetur da tsami ne. Kuma yana ɗauke da irin sinadaran da ke cikin kunkunniya. Tun a 1775 likitan Ingila Percivall Pott ya danganta kunkunniya da cutar daji a jikin masu share bututun hayaƙi, kuma gwaje-gwaje a kan dabbobi sun nuna cewa tsohon baƙin mai yana haifar da dajin fata idan ana yawan shafa shi. Don haka al'adar shafa kwandam a kan ƙazwar awaki da raƙuma, ko zuba shi a masai, ko yayyafa shi don kwantar da ƙura, abar gudu ce. A ƙasa mai rairayi irin tamu, mai yana iya bin ruwan damina ya kai ga rijiya, a fadama kuma yakan shimfiɗu a saman ruwa ya hana iskar da kifi ke buƙata shiga. A juye shi a jarka mai murfi, a kai wa masu juyen mai su haɗa da wanda suke tarawa, a kuma wanke hannu da sabulu.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa toshe tiyon numfashi yana lalata injin, barinsa a buɗe kuma yana cutar da jama'a. Ga injin da aka taɓa, tarkon mai rufaffe, mai faifai da raga a ciki, wanda ake juyewa a kan lokaci, shi ne mafita. Saboda haka, duk mai motar da zai kai ta a sauya injin ko a sa mata iskar gas, ya tambayi bakanike tun kafin a fara aiki: “Malam, ina za ka kai tiyon numfashi?” Idan amsar ita ce a toshe ko a bar shi yana reto, to ya nemi a gyara kafin ya biya kuɗin aiki. Allah Ya sa mu dace.