Auyo: Tsohon Gari a Bakin Kogin Haɗeja

Baƙon da ya ratsa Auyo yau garin manoma zai gani, hedikwatar ƙaramar hukuma a masarautar Haɗeja ta jihar Jigawa. Da wuya ya san cewa kafin jihadi Auyo ƙasa ce mai sarkinta, ɗaya daga cikin ƙananan masarautun yankin irin su Garun Gabas, Gatarwa, Kazura, Fagi da Dawa, masu kai gaisuwa Barno ta hannun Galadima. Tarihin baka ya ce 'yan'uwa uku ne suka kafa Auyo da Shira da Tashena, kuma masana harshe sun sa harsunan garuruwan nan uku a dangi ɗaya da Badanci. Auyakanci dai ya riga ya mutu, jikokin Auyakawa Hausa suke yi. A farkon ƙarni na 19 Fulani masu tutar Shehu, Umaru da ɗan'uwansa Sambo, suka karɓe ƙasar, mulki ya koma Haɗeja.

Abin da bai bar Auyo ba shi ne kogi. Ruwan Kano da na Challawa ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, ya gangaro shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ya malale cikin fadamu kafin ya nufi Yobe da Tafkin Chadi. A da, ruwan kan cika da damina ya janye da rani, ya bar wa manomi laka, masunci ya sami kifi, makiyayi ya sami ciyawa. Kowa ya san lokacinsa.

Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya wannan tsari. Yanzu ruwa na gudana har tsakiyar rani, kuma gaskiya an ci moriya: aikin noman rani na kwarin Haɗeja, wanda ke ƙasar Auyo, ya ba mutane shinkafa da alkama da tumatir a watannin da a can baya sai tafiya cin rani. Amma ciyawar kachala ma ruwan da ba ya ƙafewa take so. Ta cika hanyoyin ruwa, ta tare yashi, bakin kogi ya cushe, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa tun tana gona. Idan damina ta yi ƙarfi aka saki ruwa daga madatsun, ba shi da wurin bi sai gonaki da gidajen ƙasa. Haka aka gani a 2018 da 2020 da 2022.

Buhunan yashi da kayan agaji ba za su raba Auyo da ambaliya ba. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are da gwamnatin Jigawa su riƙa yashe kogin suna cire kachala tun da rani, kuma a sanar da mutanen gari kafin a buɗe dam.